Mai Ajiyar Taswira

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗakin ƙasa
na majalisar ƙaramar hukuma a Halifax,
inda taga ba ta nuna komai sai takalman masu wucewa.
Sunana Mavis Barraclough. Taswira nake tsaro.
Ran Litinin wata yarinya za ta zo da kwamfuta,
bari in shimfiɗa muku ƙasar kafin in naɗe ta.

Ga kogin Calder, siriri kamar jijiyar bayan hannu,
ya tsaga kwari daga yamma ya nufi gabas.
Garuruwa sun jeru a gaɓarsa kamar shanya,
kowanne ya jingina bayansa da dutse,
gidaje kan gidaje, hawa sai da haki.
Can sama kuwa fili ne fetal, ba inuwa,
sai tumaki, sai iska, sai ruwan da bai san gajiya ba.

Wannan jan layin, a saba'in da huɗu aka ja shi.
Mun kwanta kowa da majalisarsa,
Brighouse da tata, Elland da tata,
Todmorden da magajin gari mai sarƙa a wuya.
Gari na wayewa an ɗaure mu tsintsiya guda,
an ari sunan kogi an raɗa mana.
Babana ya ce, tsintsiyar na gani,
hannun da ke riƙe da ita nake tambaya.
Har ya koma ga Mahaliccinsa
bai taɓa rubuta Calderdale a bayan ambulan ba.

Ulu ne ya gina mu.
Shi ya dasa dogayen bututun hayaƙi,
shi ya baƙanta duwatsun coci.
Innata ta yi shekara talatin a masaƙar darduma,
ƙarar inji ta cinye mata kunne,
leɓe take karantawa, ko daga tsallaken titi ne.
Maƙwabcinmu Riyaz daga Mirpur ya zo aikin dare,
yana fita tana shiga,
a bakin ƙofa suke gaisawa da ka.
Ranar da masaƙa ta yi shiru
su biyun suka zauna kan dakali har magariba,
hannuwansu a cinya kamar baƙi.

Yanzu ginin na nan, an wanke masa fuska.
Inshora a hawa na uku, masu zane a na huɗu,
a ƙasa ana sayar da gahawa
kofi ɗaya kuɗin yinin innata.
Jikar Riyaz ce ke lissafin harajin gidaje,
teburinta na saman kaina, ina jin motsin kujerarta.
Ita ta ce mini bana ma kasafi ya gaza:
ko laburare, ko gidan tsofaffi,
ɗaya sai ya yi haƙuri.

Washegarin wata Kirsimeti jiniya ta tashe mu.
Kogi ya fito bai nemi izini ba,
ya shiga kanti, ya shiga makaranta,
ya ɗauki firijin Clifford Helliwell ya kai gari na gaba.
Ruwa bai san mazaɓa ba.
A ranar na ga mutanen tudu sun sauko da shebur
suna kwashe laka a gidan da ba su san mai shi ba.
Na ce, baba, da ka ga tsintsiyarka yau.

To, na naɗe.
Abu ɗaya kawai ban shigar a rajista ba:
kusa da magudanar jiragen kwale-kwale,
inda yau ake ajiye motoci,
akwai ɗigon fensir da ba ya cikin ma'auni.
Nan aka haife ni.
Yarinya, in kin zo da na'urarki,
kada ki ɗauka datti ne ki goge.